spdlog ya ƙi haɗuwa, da ya haɗu kuma sai kirash wajen rufewa: daga ina za a fara?

Tambayar da ɗan'uwa ya kawo ita ce: yana amfani da spdlog, wani laburaren rubuta log (bayanan abin da manhaja ke yi), a manhajarsa ta C++, a kwamfutarsa komai lafiya lau, da ya kai kan saba (server) sai linka, wato abin da ke haɗa ginannen kod da laburare, ya riƙa zubo masa "undefined reference to fmt::v9" layi bayan layi. Ya yi ta jarrabe-jarrabe har ya samu ginin ya wuce, yanzu kuma manhajar tana aiki amma duk sanda za ta rufe sai ta faɗi da segmentation fault, a Windows kuma wani lokacin daskarewa kawai take yi ba ta fita. Yana so ya san ko laburaren ne ke da matsala ya canja wani.

Malam kada ka canja. Gaskiya in ka koma wani laburaren da irin tsarin ginin da kake da shi yanzu, matsalar za ta bi ka can, sunan ero ɗin ne kawai zai canja. Abin da ka bayyana matsaloli biyu ne daban, na farko na gini ne na biyu na tsawon rayuwar abubuwa a memori, amma akwai yiwuwar yadda ka "gyara" na farkon shi ya ƙara wa na biyun wuta, dan haka bari mu fara daga ginin.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne spdlog ba shi kaɗai yake tafiya ba. Duk wannan rubutun da kake yi da {} a cikin saƙo, wani laburare ne mai suna fmt yake sarrafa shi, na Victor Zverovich, shi kuma spdlog na Gabi Melman ne. spdlog yana zuwa da kwafin fmt nasa a ciki, a folda include/spdlog/fmt/bundled, amma kuma ana iya gina shi da SPDLOG_FMT_EXTERNAL ya yi amfani da fmt na waje wanda ke kan sistem. Masu shirya fakej na Debian da Ubuntu na wajen suke amfani da shi, haka ma vcpkg. To kaga tun daga nan akwai hanyoyi biyu da fmt zai iya shigowa cikin aikinka, in kuma kai ma kana amfani da fmt kai tsaye ko wani laburaren da ka jawo yana ɗauke da nasa, sun zama uku kenan.

Wannan v9 ɗin da kake gani a cikin ero shi ne babban abin da zai taimake ka. fmt yana saka lambar sigarsa a cikin sunan kowane fankshin, fmt::v8, fmt::v9, fmt::v10, fmt::v11, da gangan suka yi haka dan kada siga biyu su cakuɗe a ɓoye. Idan linka ya ce bai ga fmt::v9 kaza ba, ma'anarsa lokacin da kwamfaila yake karanta fayilolin heda na siga 9 ya gani, amma da aka zo haɗawa ko dai ba a ba linka fmt ɗin ba gaba ɗaya, ko kuma wanda aka ba shi na wata siga ce. Ubuntu 22.04 fmt 8 yake da shi, 24.04 kuma fmt 9, kaga in kwamfutarka da sabar ba sigar sistem ɗaya ba ce to ba sai an je nesa ba. Ka duba da kanka kar ka yi hasashe. Ka gudu nm -C a kan fayil ɗin libfmt da libspdlog da ke sabar, in na .so ne ka ƙara -D, ka tace da grep "fmt::v" ka ga lambar da ke fitowa. Sannan ka ba g++ tutar -H a kan fayil ɗaya, zai lissafo maka duk hedar da ya buɗe da cikakken adireshinta. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa, sai ka ga wani tsohon fmt a /usr/local/include wanda wani ya taɓa sakawa da hannu ya manta, shi kuma gcc yana duba /usr/local/include kafin /usr/include, shi kenan heda daga can laburare daga nan.

Ba ka faɗi yadda ka samu ginin ya wuce ba, amma in hanyar ita ce ka saka FMT_HEADER_ONLY a wasu fayiloli, ko ka kwafo foldar heda daga kwamfutarka ka ajiye a sabar, ko ka ƙara wani -l har ero ya yi shiru, to ka warware shi. Shirun linka ba ya nufin an daidaita. Abin da ya fi haɗari shi ne wani ɓangare na manhajar ya ginu da spdlog mai wata siga ko wasu makiro, wani ɓangaren kuma da wata, dukkansu suna kiran kilas ɗin spdlog::logger amma girmansa da jerin abubuwan cikinsa ba ɗaya ba ne a wajensu. C++ yana da doka cewa ma'anar abu dole ta zama ɗaya a duk manhajar, in ka karya ta babu wanda ya wajaba ya faɗa maka, linka zai ɗauki ɗaya ya jefar da ɗaya, sai daga baya kod ya je karanta wani abu a inda ba nan yake ba. Irin wannan kirash ɗin ba ya da tsari, yau ya faɗi gobe ya wuce, kuma shi ya fi cin lokaci.

Hanyar da nake ba kowa shawara ita ce ka bar CMake ya ɗauki nauyin. find_package(spdlog REQUIRED), sannan target_link_libraries da spdlog::spdlog, shi kenan. Wannan taget ɗin yana ɗauke da duk abin da ake buƙata, makiro SPDLOG_COMPILED_LIB, da SPDLOG_FMT_EXTERNAL in da shi aka gina, da fmt ɗin kansa, da laburaren zare (thread). In ka tsallake shi ka rubuta include_directories da hannu ka ƙara -lspdlog, to hedar ba ta san cewa akwai ginannen laburare ba, za ta ɗauka salon heda-kawai kake so ta zuba maka duk kod ɗin a fayil ɗinka, ga kuma wani kwafin a laburaren. Akwai taget na biyu spdlog::spdlog_header_only, shi ma daidai ne, amma ka zaɓi ɗaya a duk aikin kar ka haɗa su. Ni dai na fi son ginannen, dan salon heda-kawai yana sa kowane fayil ya sake tauna templet ɗin fmt daga farko, gini ya yi nauyi ba dalili. In ba CMake kake amfani da shi ba, pkg-config --cflags --libs spdlog zai ba ka tutocin da suka dace da fakej ɗin da ke kan sistem ɗin.

Kuma dan Allah duk sanda ka canja irin waɗannan abubuwan ka goge foldar gini gaba ɗaya. CMakeCache.txt yana riƙe da spdlog_DIR da fmt_DIR na farkon da ya gano, za ka yi ta gyara CMakeLists kana mamakin me ya sa ba abin da ya canja alhali tsohon adireshi yake bi. Bayan haka make VERBOSE=1 ka karanta ainihin komand ɗin da ake ba kwamfaila da linka, ba wanda kake zaton ana ba su ba.

Sauran ero na linka da ake yawan gani ba sa buƙatar dogon bayani. In ka ga pthread_create ba a same shi ba, -pthread ne ko Threads::Threads, kuma dalilin da zai sa ya wuce a sabon sistem ya ƙi a tsoho shi ne tun glibc 2.34 aka haɗe libpthread cikin libc. In ka ga __cxx11 a cikin sunan da aka rasa, laburaren da manhajar ba su yarda a kan _GLIBCXX_USE_CXX11_ABI ba, abin da ya samo asali tun GCC 5. In ya ce recompile with -fPIC, kana ƙoƙarin cusa spdlog na .a cikin naka .so ne, ka kunna CMAKE_POSITION_INDEPENDENT_CODE ka sake gina spdlog ɗin. Da laburaren .a kuma jeri yana da muhimmanci a linka na GNU, daga hagu zuwa dama yake bi, mai buƙata ya zo kafin wanda ake buƙata, wato -lspdlog kafin -lfmt. A Windows LNK2038 da ke maganar RuntimeLibrary ko _ITERATOR_DEBUG_LEVEL yana nufin ka haɗa Debug da Release ne ko /MD da /MT.

Tunda za ka daidaita siga, akwai yiwuwar ka hau sabuwar fmt, to ka shirya ganin wasu ero na kwamfaila masu tsawon gaske, shafi biyu uku a kan layi ɗaya na kod. Kar su tsorata ka. Ka hau sama can ka karanta ero na farko, sannan ka nemi layin "required from here" ko wanda ke ɗauke da sunan fayil ɗinka, sauran duk hanyar da templet ya bi ne. Kusan dukkansu daga canje-canjen da fmt ya yi ne da gangan. Daga fmt 8 a 2021, in kana kan C++20, ana duba saƙon {} ɗin tun lokacin gini, dan haka in ka ba shi std::string da sai manhaja na gudu ake sanin abin da ke ciki tare da wasu ƙimomi, zai ce maka is not a constant expression. Maganin shi ne fmt::runtime(saƙon), in kuma ka rubuta naka fankshin ne da ke naɗe spdlog, to ka karɓi saƙon a matsayin spdlog::format_string_t<Args...> ka miƙa sauran da std::forward, sai binciken ya ci gaba da yi maka aiki. Wannan binciken alheri ne, kar ka zuba fmt::runtime ko'ina dan kawai ero ya tafi.

Daga fmt 9 a 2022 kuma an daina ɗaukar operator<< na kilas ɗinka kai tsaye, ko da ka saka hedar ostr.h, sai ka faɗa a fili da fmt::ostream_formatter ko ka naɗe abin da fmt::streamed. fmt 10 a 2023 ya daina juya enum zuwa lamba da kansa, sai ka rubuta ɗan fankshin format_as a nemsfes ɗaya da enum ɗin, ko ka juya shi da hannu. fmt 11 a 2024 ya wajabta fankshin format na cikin formatter ɗinka ya zama const, kalma ɗaya ce amma ero ɗin da rashinta ke haifarwa ba ya nuna hakan ko kaɗan, cewa kawai yake ba a iya sarrafa nau'in ba. Shi dai fmt 11 ɗin ne ke neman tutar /utf-8 a kwamfailan Microsoft.

To yanzu kirash ɗin, wanda shi ne ya fi damuna a tambayarka.

Abin da nake so ka gane shi ne ganin sunan spdlog a saman jerin kira ba ya nufin shi ne mai laifi. Laburaren log yana taɓa kusan kowane lungu na manhaja, ana kiransa daga kowane zare, ana miƙa masa foyinta iri-iri, dan haka in wani wuri ya lalata memori shi ne sau da yawa yake fara taka wajen. Kamar mai kai saƙo ne da aka ba shi adireshin gidan da aka riga aka rushe. Amma kirash da ke zuwa daidai lokacin rufewa kawai, wannan yana da sanannen dalili kuma ina da ƙarfin zato shi ne naka.

spdlog yana da rajista guda ɗaya da ke riƙe da duk logas ɗinka har da na asali wanda spdlog::info ke amfani da shi. Rajistar nan static ce da ake ƙirƙira a karon farko da aka taɓa ta, kuma C++ yana rushe irin waɗannan abubuwan bayan main ya ƙare, a juye, wanda aka gina ƙarshe shi ake fara rushewa. Yanzu ka ɗauka kana da wani abu na gulobal, ko singiltin, misali mai kula da haɗin databes, an gina shi kafin a fara rubuta log na farko, kuma a distrakta ɗinsa ka saka spdlog::info("ana rufe haɗi"). Tunda ya riga rajistar zuwa, zai riga ya tarar an rushe ta kafin nasa lokacin ya zo, sai ya kira loga da babu shi. Abin da ke sa ya ruɗar da mutum shi ne jerin gina gulobal da ke fayiloli daban-daban ba a ƙayyade shi ba, yana iya canjawa da jerin da aka ba linka, shi ya sa zai wuce a kwamfutarka ya faɗi a sabar da kod iri ɗaya.

Na biyu mai kama da shi, zaren da bai tsaya ba. In ka yi detach ga wani zare, ko kana da tarin zare masu aiki a baya da ba ka jira su ba, main zai ƙare a fara rushe-rushe su kuma suna can suna rubuta log. Fita daga main ba ya jiran kowa. Na uku kuma, mutane suna jin an ce a kira spdlog::shutdown() sai su saka shi, wanda daidai ne, amma su manta cewa bayan shi logan asali ya zama babu, duk wani spdlog::info da ya biyo baya foyinta marar komai zai taɓa. Kaga in ka saka shutdown a ƙarshen main alhali distraktocin gulobal ɗinka suna log, ka mayar da kirash mai zuwa wani lokaci ya zama mai zuwa kullum.

Gyaran gaskiya shi ne ka mayar da rufewa abin da kai kake tsarawa da hannunka. Kafin main ya ƙare ka tsayar da duk zare ka yi musu join, ka rufe manyan abubuwanka a fili ta hanyar kiran wani fankshin na rufewa ko ka mayar da su cikin main su mutu a can, sannan a ƙarshen ƙarshe ka kira spdlog::shutdown(), bayan shi kuma ba log. In akwai abin da dole sai ya yi log a distrakta, ka sa ya riƙe nasa shared_ptr na logan tun a konstrakta, wannan zai hana a rushe logan kafin shi. Amma ka lura wannan dabarar ba ta isa ga loga na async ba, wato wanda ke miƙa rubutun ga wani zare a baya, dan shi logan async ba ya mallakar zaren da ke rubuta masa, weak_ptr kawai yake riƙe da shi, in an rushe zaren za ka ga saƙon "thread pool doesn't exist anymore" kuma log ɗin ya ɓace.

Daskarewar Windows ɗin ma ina zargin async ne ko flush_every, dan su biyun ne ke da zare a baya. Rushe abin da ke jiran zare bayan main ya ƙare, ballantana daga cikin DLL lokacin da ake sauke shi, wuri ne da Windows ke da tarko sosai, kuma masu spdlog da kansu sun ba da shawarar a kira shutdown kafin fita saboda haka. In manhajar tana da DLL akwai ƙarin abu: idan kowane DLL ya gina spdlog a cikinsa, to kowanne yana da rajistarsa daban. Ka ƙirƙiri loga a babbar manhaja, ka zo cikin DLL ka ce spdlog::get("sunan"), zai dawo maka da babu, kai kuma ka ɗora ->info a kai ba ka duba ba. spdlog::get ba ya jefa eksepshin in bai samu ba, nullptr yake bayarwa shiru. Ko dai ka gina spdlog a matsayin DLL guda da kowa ke rabawa, ko ka miƙa wa kowane DLL logan ya yi masa rajista a wajensa. Af, kuma kar ka riƙa kiran get a kowane layi, yana kulle mutex duk kira, ka karɓa sau ɗaya ka ajiye.

Akwai wani na Windows da ya wahalar da mutane da yawa a 2024 wanda ya kamata ka sani ko da ba shi ne naka ba. Daga Visual Studio 2022 siga 17.10 an canja yadda ake gina std::mutex, to in ka gina da sabon kwamfaila amma kwamfutar da manhajar ke gudu a kai tana ɗauko tsohon msvcp140.dll, kulle mutex na farko zai faɗi. Da yake log ne yawanci abin da ke fara kulle mutex a manhaja, sai kowa ya ɗora wa laburaren log laifi. Maganin shi ne a sabunta Visual C++ Redistributable, a kuma duba ko wata manhajar ta ajiye tsohon DLL ɗin a inda ake fara dubawa. Akwai makiro _DISABLE_CONSTEXPR_MUTEX_CONSTRUCTOR na rage zafi in ba ka da iko da kwamfutar.

Kar ka tsaya a zatona, ka tabbatar. Ka gina da -g, ka gudu a cikin gdb, in ya faɗi ka rubuta bt. In ka ga exit ko __run_exit_handlers a ƙasan jerin, to lokacin rushe gulobal ne, magana ta ƙare, sai ka hau sama ka ga distraktan wa ya yi kiran. Ka kuma yi thread apply all bt dan ganin ko akwai zaren da ke raye a lokacin, wannan komand ɗin shi ne kuma hanyar binciken daskarewa, ka haɗa gdb da manhajar da ta tsaya ka ga wa ke jiran wa. In a saba ne ba za ka iya zama a kai ba, ulimit -c unlimited ko coredumpctl in sistem ɗin na systemd ne. Bayan haka ka gina da -fsanitize=address, shi zai gaya maka abu uku a lokaci ɗaya, inda aka taɓa memorin, inda aka sake shi, da inda aka fara karɓo shi, wanda a irin matsalarka kusan amsar ce gaba ɗaya. Sai kuma wani ginin daban da -fsanitize=thread, ba a haɗa su biyun a gini ɗaya. Na zaren zai kama maka in ka yi amfani da loga mai ƙarewa da _st daga zare fiye da ɗaya. Na _st ba su da kulle sam, an yi su ne dan zare ɗaya, in kana shakka ka ɗauki _mt. Haka nan set_default_logger ba a kiransa yayin da wasu zare ke tsakiyar spdlog::info, ka yi shi da wuri kafin ka tayar da kowa.

Wani abu da ke ɓatar da masu bincike: layin ƙarshe da ka gani a fayil ɗin log ba lallai nan ne manhajar ta mutu ba. Rubutun yana taruwa a bafa kafin ya sauka kan diski, in an faɗi kwatsam abin da ke bafa ya tafi, a async kuma har da duk abin da ke layin jira, wanda girmansa na asali saƙo 8192 ne. Sai mutum ya kwana yana binciken fankshin da ba ruwansa. Lokacin farautar kirash ka koma loga na kai tsaye, ka saka flush_on a matakin trace dan kowane layi ya sauka nan take, zai yi nauyi amma na ɗan lokaci ne. A aikin yau da kullum flush_on a matakin err ko warn ya wadatar. In kuma ka ga SPDLOG_DEBUG ba ya fitar da komai duk da ka yi set_level, wannan ba kirash ba ne, makiro SPDLOG_ACTIVE_LEVEL ne ke goge su tun a gini, asalinsa a info yake, kuma a CMake ya kamata ka saita shi dan duk fayiloli su gani iri ɗaya.

Tunda saba ka ambata, abu biyu. In manhajar tana yin fork dan ta koma baya ta zama dimon, ka yi fork ɗin kafin ka ƙirƙiri loga. Bayan fork zaren da ya yi kiran ne kaɗai ke rayuwa a cikin ɗan, zaren rubutun async bai biyo ba, sai layin jira ya cika manhajar ta tsaya cak tana jiran wanda ba ya nan, dan tsarin asali in layi ya cika jira ake yi. Sannan kar ka yi log daga cikin mai karɓar sigina. Na san yana da jan hankali ka kama SIGSEGV ko SIGTERM ka rubuta "an samu matsala", amma in siginar ta zo daidai lokacin da zaren ke riƙe da kullen logan ko yana tsakiyar malloc, to ka kulle kanka da kanka. A SIGTERM ka ɗaga tuta kawai, babban zagayen manhajar ya gani ya bi tsarin rufewar da muka yi magana.

Eksepshin kuma, kuskuren saƙon {} da ya faru lokacin gudu spdlog yana kama shi da kansa ya buga LOG ERROR a stderr, ba ya kashe manhaja. Waɗanda ke fitowa waje su ne na lokacin ƙirƙirar loga, kamar "logger with name already exists" in ka ƙirƙiri suna ɗaya sau biyu, ko in an kasa buɗe fayil saboda izini, wanda a saba abu ne mai yawan faruwa tunda yuza ɗin da ke gudanar da sabis ba lallai yana da ikon rubutu a foldar ba. In ƙirƙirar tana cikin gulobal ne babu try da zai kama ta, manhajar za ta mutu kafin ma ta shiga main. Ka mayar da ita cikin main ka kewaye ta da catch na spdlog::spdlog_ex.

In ka bi duk wannan, siga ɗaya, gini mai tsabta, rufewa a tsare, sanitaiza bai nuna kod ɗinka ba, kuma har yanzu yana faɗuwa, to a nan ne za ka fara zargin laburaren, kuma yana iya yiwuwa, ba a ce ba shi da kwaro, wato kuskure a kod ɗinsa, ba. Ka rage matsalar zuwa fayil ɗaya, main mai layi ashirin ko talatin da ɗan CMakeLists, wanda kowa zai iya ginawa ya ga faɗuwar. In tsohuwar siga tana aiki sabuwa ba ta yi, git bisect a kan ma'ajiyar spdlog zai kai ka ga ainihin canjin da ya jawo. Ka fara bincika tsofaffin rahotanni a GitHub har da waɗanda aka rufe, sannan in za ka buɗe sabo ka saka sigar spdlog, sigar fmt da ko na ciki ne ko na waje, kwamfaila da sigarsa, sistem, yadda ka samo laburaren, da cikakken jerin kira a rubuce ba hoton sikirin ba. Masu kula da shi aikin sa kai suke yi, rahoton da za su iya gudanarwa cikin minti biyar shi suke fara ɗauka.

In ka dawo, turo abin da nm ya nuna a kan libspdlog da libfmt na sabar, da layukan -H masu ɗauke da fmt, da sakamakon thread apply all bt, sai mu duba tare.